Kosika ko Sadiniya: ina za ka nufa da mota da ƙaramin kare a watan Agusta?

Tsibiran nan biyu maƙwabta ne a Bahar Rum. Ruwan da ya raba su bai wuce kilomita 11 ba a inda ya fi ƙunci, har wanda ya tsaya a kan ganuwar garin Bonifacio da ke kudancin Kosika yakan hango gaɓar ɗaya tsibirin idan gari ya yi garau. Kosika ta Faransa ce, Sadiniya kuma ta Italiya. Wanda ya ce da kallon hotuna zai zaɓa, zai kwana bai yanke shawara ba, don kowacce da irin kyanta. Amma da zarar an ce akwai ƙaramin kare a kujerar baya, kuma tafiyar ta faɗo ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, lokacin da rabin Turai ke hutu, to lissafin ya koma kan abu guda: ina karen nan zai kasance daga ƙarfe 11 na safe zuwa 5 na yamma? Ni da maiɗakina mun zaga duka biyun da mota, shekara biyu a jere, tare da karenmu Auta mai nauyin kilo 6, kuma da wannan ma'aunin nake auna su.

Maganar takardu ba ta raba su ba, tunda dukkansu suna cikin Tarayyar Turai. Ana buƙatar 'yar na'urar shaida da ake dasa wa kare a ƙarƙashin fata, sai allurar rigakafin ciwon hauka, kuma in ita ce ta farko sai ta kwana 21 kafin ya tsallaka iyaka. Ba a yi wa kwikwiyon da bai kai mako 12 ba, ke nan wanda bai cika mako 15 ba bai isa tafiya ba. Mazaunin ƙasashen Tarayyar fasfon dabba yake riƙewa, wanda likitan dabbobi ke bayarwa. Mai tasowa daga Birtaniya, tun bayan ficewarta daga Tarayyar, takardar shaidar lafiya yake karɓa, kuma dole ya shiga da ita cikin kwana 10 da bayar da ita. Wanda ya fito daga ƙasar da Tarayyar ba ta gamsu da ita ba kan ciwon hauka, nasa ya fi tsawo: gwajin jini bayan kwana 30 da yin allura, sannan jiran wata 3. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan bambancin da ke akwai yana wajen Italiya. A cikin gari da wuraren taruwar jama'a igiyar kare ba za ta wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma dole ka riƙe takunkumi ko da ba ka sa masa ba. Jiragen fito na duka tsibiran ma sukan nemi a zo da shi. Ka saba masa da shi tun a gida, don karen da aka fara ɗaura wa takunkumi a tsakiyar hayaniyar tashar jirgi ba zai yafe maka da wuri ba.

A kan ruwa ne suka fara rabuwa. Daga Livorno ta Italiya zuwa Bastia ta Kosika awa 4 zuwa 5 ne, ka shiga da safe ka sauka da rana. Daga Marseille ta Faransa kuwa kwana ake yi a ruwa. Sadiniya ta fi nisa: daga Civitavecchia, tashar da ke kusa da birnin Rum, zuwa Olbia awa 5 zuwa 8 ne, daga Genoa zuwa Porto Torres kuma dare guda cur, awa 10 zuwa 12. Ga mutum wannan maganar barci ce da kallon teku. Ga kare maganar fitsari ce. Karnuka da yawa ba sa yarda su yi bawali a kan ƙarfen jirgi, ko da an ware musu wuri. Auta ya riƙe nasa awa 11 daga Genoa, na fita da shi sau huɗu cikin dare, yana shinshinar ƙasa yana kallona kamar ni na ɓoye ciyawar.

Da jirgi ya tashi ake kulle ɗakin motoci, kuma wurin zafi ne da ƙarar inji, ba wurin barin dabba ba ne. Ya rage keji a saman jirgi, ko zama da shi a inda kamfanin ya yarda, ko ɗakin kwana na musamman da ake shiga da dabba. Kamfanoni irin su Corsica Ferries da Moby da GNV suna da irin waɗannan ɗakuna, sai dai kaɗan ne a kowane jirgi, kuma su ke fara ƙarewa. Shi ya sa nake cewa ɗakin jirgi za ka fara kamawa, kafin masauki, kafin ma ka tsayar da ranar hutu a wurin aiki. In da hali ka kauce wa Asabar, ka kuma kauce wa kwanakin da ke zagaye da 15 ga Agusta, ranar hutu ce a ƙasashen biyu, kuma a Italiya ita ce Ferragosto, ƙololuwar cunkoson shekara.

Abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne layin tasha. Ana so ka iso awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, a jera ku a filin siminti wanda ko inuwar sanda babu. A Livorno mun yi wannan zaman da hantsi, inji a kunne saboda na'urar sanyaya mota, jiƙaƙƙen tawul a shimfiɗe a ƙarƙashin Auta, wani a layin gefe ya ɗauki nasa karen a kafaɗa don simintin ba ya takuwa. Jirgin dare ya fi a nan, domin layinsa da yamma ake yi. Don haka gajeriyar hanyar Kosika ta ci wannan zagaye, amma ba da tazara mai yawa ba.

Akwai masu cewa su hau jirgin sama su yi hayar mota a can. Yana yiwuwa: Kosika na da filayen jirgi a Ajaccio da Bastia da Calvi da Figari, Sadiniya na da su a Cagliari da Olbia da Alghero. Air France na barin kare ya shiga ɗakin fasinja in nauyinsa da jakarsa bai wuce kilo 8 ba, amma Ryanair da easyJet ba sa ɗaukar dabba sam, in ban da karen da ke taimakon mai lalura. Ni dai na fi son motata, don shimfiɗarsa da ƙanshin da ya saba da shi suna ciki, kuma ba mai cajina kuɗin share gashi ranar mayarwa.

To sai hanya, kuma a nan Sadiniya ta yi wa Kosika fintinkau. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 24,000 ne, Kosika kuwa ba ta kai 9,000 ba, sai mutum ya ɗauka a ƙaramar zai fi hutawa da tuƙi. Taswira ce ke yaudararsa. Babbar hanyar SS131 ta ratsa Sadiniya daga Cagliari a kudu zuwa Sassari da Porto Torres a arewa, tagwayen hanya ce, ba a biyan kuɗin shiga, fiye da kilomita 200 cikin awa biyu da 'yan kai. A Kosika, daga Ajaccio zuwa Bastia kilomita 150 ne kawai amma sai ka ci kusan awa 3. Wannan ma ita ce hanya mai kyau. Ta gaɓar yamma, D81, wadda ke bi ta jajayen duwatsun Piana da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1983, siririya ce, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya, kwana na bin kwana, ga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido da sai ka ja da baya ka ba su wuri.

A nan muka ga ta kanmu. Auta ya fara lasar leɓe, ya yi hamma sau biyu, yawu ya fara zuba. Maiɗakina ta juya ta dube shi ta ce, “Maigida, tsaya, yaron nan zai yi amai.” Ina zan tsaya? Motoci shida a bayana, wurin raɓewa duk an cika. Kafin mu sami fili ya riga ya yi, a kan bargon da muka wanke jiya. Daga ranar muka daina ba shi abinci sai mun sauka, muka mayar da akwatinsa ƙasa tsakanin kujeru inda jijjiga ta fi sauƙi, kuma muka rage tuƙin kowace rana zuwa awa biyu. Akwai maganin hana amai da likitan dabbobi ke rubutawa, ka nema kafin ka taso. Sadiniya ma tana da nata kwanoni, musamman SS125 tsakanin Dorgali da Baunei inda hanya ke hawa sama da mita 1,000, sai dai can kai ka zaɓi bi. A yammacin Kosika ba ka da wata hanyar.

Dabbobin kan hanya ma sun bambanta. A tsaunukan Kosika aladu da shanu da awaki ne ke yawo ba makiyayi, kana shan kwana sai ka tarar da saniya kwance a tsakiyar kwalta. A Sadiniya tumaki ne, kusan miliyan 3, sun ninka mutanen tsibirin kusan sau biyu, kuma garke da yawa na tare da manyan karnukan tsaro waɗanda ba su san wasa ba. In ka hango garke kana tafiya a ƙafa, ɗauki naka a hannu ka yi zagaye mai nisa.

Yanzu ga abin da ya sa na karkata. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki sosai in iskar da yake shaƙa ita ma zafi gare ta. Ƙaramin kare ya fi shiga uku, don cikinsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, duk turirin kwalta a kansa yake ƙarewa. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta ka ƙirga biyar. In ka kasa, shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba. Duka tsibiran suna zafi a Agusta, amma Sadiniya ta fi, tana kudu kuma tana da faffaɗan fili irin na Campidano inda rana ke dukan ƙasa ba abin da ya tare ta. A watan Yulin 2023 ma'aunin zafi ya haura digiri 48 a gabashin tsibirin.

Kosika kuwa dutse ce da aka dasa a tsakiyar teku. Ƙololuwarta, Monte Cinto, mita 2,706 ne, alhali mafi tsawon Sadiniya, Punta La Marmora, 1,834 ne. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma a Kosika hawan ba ya nisa da gaɓa. Daga Ajaccio, cikin awa guda kana mashigar Vizzavona, mita 1,163, cikin kurmin dogayen itatuwa da ƙorama mai sanyin ƙanƙara. Daga Porto-Vecchio ka hau dajin L'Ospedale, in ka ƙara gaba ka kai mashigar Bavella. Daga garin Porto na gaɓar yamma ka hau Évisa. Ranarmu ta koma haka: bakin teku da sassafe, tudu da tsakar rana, gari bayan la'asar. Ba zan manta Auta a Vizzavona ba, ya tsoma ƙafafuwan gaba a ruwa, ya ja da baya don sanyi, ya sake komawa, daga baya ya kwanta a kan wani dutse mai laima ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun da muka sauka daga jirgi. Ƙarfe ɗaya na rana ke nan, lokacin da a bakin teku ko mutum neman mafaka yake.

Sadiniya ba ta rasa tudu ba. Garin Fonni yana kan mita 1,000, dutsen Limbara kusa da Tempio Pausania ya haura 1,300. Matsalar ita ce sun yi nisa da yawancin gaɓoɓin da ake zuwa dominsu, kuma ƙoramu da yawa sun ƙafe kafin Agusta. Abin da muka riƙa yi a can shi ne komawa masauki daga hantsi, mu rufe taga, mu kunna na'urar sanyaya ɗaki, mu jira yamma. Hutu ne shi ma, amma ba yawon mota ba ne.

Tudun Kosika na da nasa sharuɗɗa. Hadari kan haɗu a kan duwatsu da rana, ruwan da ya zuba can sama ya cika ƙorama cikin mintuna alhali inda kake zaune rana ake yi, don haka in ka ga ruwa ya sauya launi ko ka ji rugugi, ɗauki karenka ka hau sama. Ranar da haɗarin gobara ya yi yawa hukuma kan rufe wasu dazuzzuka, kuma kullum ake sabunta sanarwar. Wuraren ajiye mota na bakin ƙoramun da suka yi suna kan cika tun kafin hantsi. Sannan in wani abu ya same shi a can sama, likita na da nisa. Sadiniya ta fi sauƙi ta nan: mutanenta sun kai miliyan ɗaya da rabi, tana da manyan garuruwa a kowane ɓangare, jami'ar Sassari ma na da sashen likitancin dabbobi. Ko'ina kake, in ka ga haki ya ƙi tsayawa, dadashi ya yi jawur, yana tangaɗi, jiƙa shi da ruwan sanyi nan take sannan ka nufi likita, kada ka jira sai kun isa.

Barin kare a mota ba ya cikin lissafi, ko na minti biyar, ko an sassauta gilashi. Wannan yana nufin duk inda ba a shiga da shi, ɗayanku zai tsaya waje. Mu biyu ne, muka riƙa karɓa-karɓa a ƙofar kanti. Mai tafiya shi kaɗai ya yi tunanin wannan da kyau. A Italiya akwai ƙarin abu: tsakiyar tsofaffin garuruwa irin su Cagliari da Alghero na da yankin da aka hana motar baƙo shiga, alamarsa ZTL, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, takardar tara ta biyo ka gida. Dole ka ajiye mota a waje ka taka, kuma duwatsun daɓen titi na riƙe zafi har bayan faɗuwar rana.

In don bakin teku za ka je, Sadiniya ta fi yawan farin yashi da ruwa garai-garai, ba gardama. Sai dai ka san cewa a lokacin wanka hani ne asali ga karnuka, sai inda ƙaramar hukuma ta ware musu. Alherin abin shi ne wuraren da aka ware sanannu ne, an kafa musu allo, wasu har da inuwa da ruwan sha, ba mai hararar ka. A Faransa magajin kowane gari ke yanke hukunci, sai ka ga wannan gaɓa ta yarda da kare a igiya, ta gabanta ta hana, kuma allon bakin shiga ne kawai zai gaya maka. Ni na fi son tsarin Sadiniya, na san inda zan nufa tun kafin in tayar da mota. Amma gaskiya Auta bai damu da teku ba. Ya sha ruwan gishiri sau ɗaya, cikinsa ya ɓaci yini guda, daga nan ya koma ƙarƙashin laima yana jiran a tashi.

Ƙwari iri ɗaya ne a duka biyun. Akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba, yana fitowa daga magariba zuwa asuba, shi ke yaɗa cutar lishmaniya, wadda in ta kama kare ba ta cika rabuwa da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Akwai abin wuya da maganin ɗigawa a ƙeya masu korar sa, a sa tun kafin tafiya da kamar mako guda ko biyu, kuma kare ya kwana a ɗaki. A tambayi likita maganin kaska da na tsutsar zuciya wadda sauro ke kawowa. Abin da ya ci mu kuwa ciyawa ce. Busasshen kan wata ciyawa mai tsini, ya fi ƙarangiya mugunta don gaba kawai yake tafiya, ya shige tsakanin yatsun Auta a gefen wata hanya kusa da Alghero. Kwana biyu yana lasar ƙafar muna cewa gishiri ne, sai da wurin ya kumbura likita ya ciro shi da hantsaki. Tun daga nan kowane dare sai na duba yatsu da kunnuwa da hammata.

Masauki kuwa, rubutun “ana karɓar dabbobi” bai isa ba. A wani gidan baƙi da muka kama tun watanni, sai da muka sauke kaya mai gidan ta ce ba a barin kare shi kaɗai a ɗaki, kuma ba a zuwa da shi wurin karin kumallo. Ba inda aka rubuta haka, kuma a tsakiyar Agusta ba wani ɗakin da za ka samu a garin. Yanzu nakan rubuta musu in yi tambaya uku, in ajiye amsar: ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, ko za a iya barinsa awa biyu, da ko nawa ake ƙarawa a kowane dare. Kuma masauki biyu sun ishi tafiyar kwana goma. Sauya ɗaki kullum na nufin kowace rana akwai awannin da kun fita daga wancan ba a ba ku wannan ba, kuma awannin tsakar rana ne daidai.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In karenka mai amai ne a mota ko da a miƙaƙƙiyar hanya, ko kai kanka ba ka son tuƙin bakin rami, ko yashi da ruwa ne burinka, je arewacin Sadiniya, ka kama gida mai sanyi tsakanin Olbia da Alghero, ka yarda cewa tsakar rana ta ɗaki ce. In kuwa karenka mai gajeren hanci ne, ko tsoho, ko mai kaurin gashi, ko kuma kana son ka yini a waje tare da shi, Kosika ce, ta jirgin Livorno, masauki ɗaya a tudu wajen Corte ko Évisa, ɗaya a gaɓa. Ni da Auta nan muka fi dacewa, duk da bargon da muka sake wankewa.

Wanda ke da mako biyu zai iya haɗa su, tunda jirgin Bonifacio zuwa Santa Teresa Gallura ta Sadiniya bai fi awa guda ba, kuma kare na iya zama da kai a sama yana shan iska. Jiragen wannan hanya ƙanana ne, wurin mota kaɗan ne, kuma mashigin ya yi suna wajen iska, takan hana tashi. Kada ka sa wannan tsallakawar a ranar da babban jirginka na komawa gida zai tashi, ka bar kwana ɗaya a tsakani.